Kwana ɗaya a Tokyo: tambayoyi da amsoshi kan yada zango, otal da cin sushi na alfarma

Waɗannan tambayoyin matafiya ne da jirginsu zai yada zango a Tokyo, babban birnin Japan, na dare ɗaya, waɗanda ba sa son dare ya ƙare musu a kan kujerar filin jirgi. Yawancinsu abu biyu suke so: gadon da za su miƙe ƙafa, da kuma su zauna gaban gwanin sushi, abincin Japan na dunƙulen shinkafa da kifi, ko da sau ɗaya ne a rayuwa. Abin yana yiwuwa, amma sai an tsara komai daga gida, kuma kujerar cin abincin ce ake fara samu kafin a gina sauran tafiyar a kanta.

Zan iya fita daga filin jirgi ba tare da biza ba?

In fasfon Najeriya ko na Nijar kake riƙe da shi, kana buƙatar biza kafin ka shiga Japan, ko da na sa'o'i kaɗan ne. Mai zama cikin sashen masu canjin jirgi, bai ƙetare shingen jami'an shige da fice ba, shi ne kawai bai shiga ƙasar ba. Da ka ce otal a cikin gari, to ka shiga. Tokyo filayen jirgi biyu gare ta, Narita da Haneda, don haka wanda ya sauka a Narita amma jirginsa na gaba daga Haneda zai tashi shi ma ya shiga: dole ya bi ta shige da fice, ya ɗauki kayansa, ya ratsa gari.

Akwai wani izinin sauka na wucin gadi da ake kira Shore Pass, wanda ba ya wuce sa'a 72. Kamfanin jirgi ne ke nema wa fasinja, jami'in da ke bakin aiki kuma shi ke da ikon bayarwa ko hanawa. Kada ka biya kuɗin otal da na abinci kana dogaro da shi. Ka nemi bizar Japan tun da sauran lokaci, da tikitinka na wucewa, da shaidar otal, da bizar ƙasar da za ka in tana buƙata. A bakin shiga za a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, kuma doka ta ce baƙo ya riƙa yawo da fasfonsa a jiki.

Narita ko Haneda, wanne ya fi wa mai ɗan lokaci?

Haneda, nesa ba kusa ba. Yana gefen gari ne, jirgin ƙasa na Keikyu zai kai ka Shinagawa cikin kimanin minti 15, wasu jiragen ma suna zarcewa har Higashi-Ginza ba sai ka canja ba. Narita kuwa yana lardin Chiba, kusan kilomita 60 daga tsakiyar birni. Narita Express yana cin kusan awa guda kafin ya isa babbar tashar Tokyo, Skyliner kuma yana kaiwa Nippori cikin minti 36.

Sai dai ba kullum zaɓin yake hannunka ba. Mai bin Ethiopian Airlines daga Kano ko Abuja ko Yamai ta Addis Ababa, a Narita zai sauka bayan tsayawa a Incheon ta Koriya ta Kudu. Kamfanonin Gabas ta Tsakiya kamar Qatar Airways da Emirates suna zuwa filayen biyu. Ka duba tikitinka da kyau: NRT Narita ke nan, HND kuma Haneda.

Awa nawa ya kamata zangon ya kai kafin a ce ya isa?

Ka yi lissafi daga baya. A ce jirgi ya sauka Narita ƙarfe uku na rana. Layin shige da fice da ɗaukar kaya za su iya cin awa guda, wani lokacin fiye. Jirgin ƙasa wata awar. Neman otal, karɓar makulli, wanka da salla, ga ƙarfe shida ta yi. Yawancin manyan gidajen sushi zama biyu suke yi da dare, na farko wajen ƙarfe shida, na biyu wajen takwas ko takwas da rabi. Mai saukowa da rana ya nemi zama na biyu. In jirginka da yamma lis zai sauka, ka haƙura da abincin dare, ka nemi na rana washegari in lokaci zai ba ka.

A ganina awa 20 zuwa 24 ita ce daidai. Ƙasa da awa 12, musamman daga Narita, wahalar ta fi daɗin yawa.

Wani abu da zai taimake ka shi ne agogo. Tokyo tana gaban Najeriya da Nijar da awa takwas. Takwas da rabi na dare a can, sha biyu da rabi na rana ne a cikin jikinka, wato daidai lokacin da yunwar rana ke tasowa. Za ka zauna gaban abincin da ido buɗe da ciki a shirye. Barcin ne zai yi maka gardama daga baya.

A wace unguwa zan kama otal?

Inda za ka iya takawa da ƙafa zuwa wurin cin abincin. Manyan gidajen sushi sun fi taruwa a Ginza da kewayenta, don haka Ginza, Shimbashi, Hibiya, Nihonbashi da gefen tashar Tokyo su ne suka dace. Jiragen ƙasa na cikin gari suna tsayawa wajen sha biyun dare sai kusan biyar na asuba, tasi kuma tsada gare ta. Wanda otal ɗinsa ke tafiyar minti goma a ƙafa ba ruwansa da wannan duka.

Otal iri biyu ne za ka zaɓa a ciki. Akwai ƙanana na 'yan kasuwa irin su Toyoko Inn, APA da Dormy Inn: tsaf-tsaf, ba tsada sosai, amma ɗakin ƙarami ne ƙwarai, in ka buɗe babban akwati a ƙasa da ƙyar za ka sami wurin shimfiɗa sallaya. Akwai kuma manya irin su Imperial Hotel da ke Hibiya, wanda aka buɗe tun 1890, da Tokyo Station Hotel da ke cikin tsohon ginin tashar mai jan bulo, da Peninsula. Amfanin babban otal ga mai wannan tafiya bai tsaya ga faɗin gado ba. Suna da ma'aikaci na musamman mai yi wa baƙi hidimar neman wuri a gidajen abinci, kuma akwai gidajen sushi da ba sa karɓar baƙo daga waje sai ta hannun irin wannan ma'aikaci. Shi ne kamar mai masauki a kasuwa: shi ya san ka, shi zai tsaya maka.

Galibi ana ba da ɗaki daga ƙarfe uku na rana, kuma ba su cika sassautawa ba, amma za su ajiye maka kaya kyauta in ka iso da wuri. Za su nemi fasfonka su yi kwafinsa, doka ce. In jirginka da sassafe zai tashi daga Haneda, akwai otal a jikin tasha ta uku ta filin, sai ka ci abinci a gari ka koma can ka kwana.

Abu ɗaya da zai faranta wa Musulmi rai: kusan kowane banɗakin otal a Japan yana da masai mai feso ruwan tsarki, da maɓallai a gefe, ruwan ma da ɗuminsa. Ba sai ka ɗauko buta ba. Amma ka zo da kan soket mai baki biyu masu faɗi, domin namu mai baki uku ba ya shiga, kuma wutarsu bolt 100 ce. Cajar waya da ta kwamfuta yawanci suna ɗauka.

Mene ne omakase, kuma me ya raba shi da sushin da ake gani a kantuna?

Kalmar tana nufin "na bar maka zaɓi". Babu takardar jerin abinci. Za ka zauna a doguwar kanta ta itacen hinoki, fari sol, ba fenti, mutum takwas ko goma ne kawai a jere. Mai gidan, wanda ake kira taisho, yana tsaye a gabanka da wuƙarsa. Zai yanko kifi, ya ɗebo shinkafa da hannun dama, ya shafa ɗan wasabi, wani koren yaji da ake gogowa daga saiwa, ya haɗa su da matsa biyu ko uku, ya goga ɗan romo a sama da buroshi, ya ajiye maka loma ɗaya. Ka ci, ya ƙera ta gaba. Haka za a yi ta yi har loma 12 zuwa 20, sau da yawa bayan an fara da 'yan ƙananan abubuwan buɗe baki.

Wannan salo sunansa Edomae, wato "gaban Edo", domin Edo shi ne sunan Tokyo kafin 1868, kifin kuma daga tekun da ke gaban birnin ake kamo shi. Ana jingina farkonsa ga wani mai suna Hanaya Yohei a shekarun 1820. A lokacin abincin kan titi ne na masu sauri, kuma babu firij. Rashin firij ɗin nan shi ya haifar da sana'ar: dole a san yadda za a riƙe kifi kada ya lalace. Sai aka riƙa jiƙa jan naman kifin tuna a cikin shoyu, baƙin ruwan nan mai gishiri da ake yi da waken suya. Ƙaramin kifi mai sheƙi da ake kira kohada a barbaɗe shi da gishiri sannan a tsoma a ruwan khal, wato binega. Farin kifi a naɗe shi cikin ganyen teku na kombu ya kwana. Anago, dogon kifin teku mai siffar maciji, a dafa shi har ya yi laushi kamar zai narke. Waɗannan dabaru su ne har yau ake biyan kuɗi a kansu, kuma masana sukan ce da kohada ake gane hannun gwani, domin in gishiri ya ɗara ko tsami ya gaza, ba inda za a ɓoye.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne shinkafar. Sunanta shari, kuma da ɗuminta ake kawo ta, kusan ɗumin jikin mutum. An cuɗa ta da ruwan khal da gishiri, an dunƙula ta yadda za ta riƙe kanta tsakanin yatsu amma ta warwatse da ta taɓa harshe. Duk wadda ta taɓa mulmula tuwon shinkafa ta san cewa hannu yana da nasa ilimin. To a nan almajiri yakan yi shekaru yana wanke shinkafa da soya ƙwai kafin a bar shi ya taɓa kifin baƙo.

Ɗanyen kifi fa? Ba ƙarni? Ba ciwo?

Da yawa daga abin da za a ba ka ba ɗanye ba ne tsantsa, kamar yadda aka gani a sama: wani an dafa, wani an jiƙa, wani an ɗan babbaka bayansa. Wanda yake ɗanyen kuma ba ya ƙarni, domin ƙarni alamar kifin da ya fara juyawa ne, ko wanda ba a zubar da jininsa da kyau ba. Tuna mai kitse, wanda suke kira otoro, a baki ya fi kama da man shanu fiye da kifin da muka saba.

Haɗarin da yake na gaske shi ne wata tsutsa da ake kira anisakis, wadda ke zama a cikin wasu kifayen teku. Gishiri da ruwan khal da wasabi ba sa kashe ta. Dafawa ce ke kashe ta, ko daskarewa a sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili na awa 24. Gwanaye suna cire hanjin kifi da wuri, suna duba naman da ido yanka bayan yanka. Duk da haka mai juna biyu, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, su tambayi likita tukuna. Wanda jatan lande ko ƙaguwa ke tayar masa da ƙaiƙayi ko kumburi ya faɗa tun wajen kama kujera.

Ni Musulmi ne. Sushi halal ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma yawancin mutane a kan kifin suke tsayawa alhali matsalar tana wani wurin. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Hausawa ke bi, dabbobin ruwa halal ne, kuma aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da aka farauto daga teku. Jatan lande, ƙwan kifi, dabbobin cikin ɓawo, duk sun shiga. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi kawai.

Inda gizo ke saƙar shi ne romon da ake gogawa. Sunansa nikiri, kuma ana haɗa shi ne da shoyu da sake, wato giyar shinkafa, sau da yawa har da mirin, wata giyar girki mai zaƙi wadda ƙarfinta ke kai wajen kashi 14 cikin ɗari. Ana tafasa haɗin don giyar ta tashi, ma'anar sunan ma ke nan, amma dai da ita aka fara. Baƙin romo mai kauri da ake shafa wa anago shi ma haka. Ƙwan kifi na ikura galibi a cikin irin wannan haɗi ake jiƙa shi. Wainar ƙwai mai zaƙi da ake rufe cin abincin da ita, tamago, ita ma takan sami mirin. Wasu gidajen har cikin shinkafar suke ɗigawa.

Sai ruwan khal ɗin kansa. Gidajen da ke bin tsohon salo suna amfani da wani ja da ake kira akazu, wanda ake yi daga dusar da ta rage bayan an tace sake. Wani mai suna Nakano Matazaemon, wanda ya kafa kamfanin da yau ake kira Mizkan a 1804, shi ya yaɗa shi, kuma arharsa na cikin abin da ya sa sushi ya bazu a Edo. Wannan ya riga ya rikiɗe ya zama khal, kuma hukuncin khal daban yake da na giya a wurin malamai da yawa.

Ban zo da fatawa ba. Malamai sun yi saɓani kan abin da aka dafa da giya har ta ƙone, kuma hukumomin da ke ba da shaidar halal ba sa amincewa da mirin ko sake a girki. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi kafin ka tashi. Abin da zan ce da ƙarfi shi ne kada ka bari sai ka zauna a kanta sannan ka ɗago maganar. An riga an jiƙa kifin tun safe, wani tun jiya, mai gidan ba shi da yadda zai yi, kai ka ji kunya shi ma ya ji. Ka rubuta tun lokacin neman kujera cewa ba ka cin abin da aka sa wa sake ko mirin ko da an dafa, ka roƙi otal su fassara su kira gidan. Wasu za su ce ba za su iya ba, kuma wannan amsa ce ta mutunci, ka gode musu. Wasu za su yarda su ba ka naka da gishiri da 'yan ɗigon lemon tsami na sudachi, su tsallake abin da ba zai gyaru ba. Farin kifi da gishiri da lemo ba ragi ba ne, haka gwanaye da yawa suke ba da shi ko ba a roƙa ba.

Wanda yake son hankalinsa ya kwanta gaba ɗaya ya nemi gidan da ke da shaidar halal. A unguwar Asakusa akwai Sushi Ken da aka sani da wannan. Ba a sahun gidajen Ginza masu tsadar gaske yake ba, amma za ka ci ba tare da waswasi ba. Ka kuma sani cewa a kanta ta yau da kullum na kusa da kai zai iya shan sake. In hakan zai dame ka, ka nemi keɓantaccen ɗaki a gidajen da ke da shi. Abin shanka kuwa koren shayi ne mai zafi, wanda dama shi ne abokin sushi na asali.

Zan iya samun kujera a gidan Jiro da ake ta magana?

Kusan a ce a'a, kuma ban ga dalilin ɓata lokaci a kai ba. Sukiyabashi Jiro ɗan ƙaramin wuri ne mai kujera goma a ƙarƙashin wani gini kusa da tashar Ginza. Mai shi, Jiro Ono, an haife shi a 1925. A nan Firaminista Shinzo Abe ya kai Shugaba Barack Obama a watan Afrilun 2014. Gidan ya riƙe taurari uku, matsayi mafi girma a littafin Michelin mai tantance gidajen abinci, tun fitowar littafin Tokyo na farko a 2007, sai a ƙarshen 2019 aka cire shi, ba don abincin ya lalace ba, sai don ya daina karɓar jama'ar gari kai tsaye. Wani sanannen gidan, Sushi Saito, shi ma haka aka yi masa a 2019.

Tokyo cike take da gwanaye, da yawansu almajiran waɗannan manyan ne da suka buɗe nasu. Mai zuwa karo na farko ya fi dacewa da gidan da ya saba da baƙi, inda akwai mai jin Turanci, inda za a saurari maganar mirin ba a ɗaure fuska ba. Kyubey da ke Ginza, wanda aka kafa a 1935, yana cikin waɗanda suka daɗe suna karɓar baƙi, kuma yana da hawa da yawa don haka samun wuri ya fi sauƙi. Ban da hanyar otal, akwai shafukan intanet irin su Pocket Concierge, TableAll da OMAKASE. Ka fara nema wata ɗaya zuwa biyu kafin tafiya. Gidaje da yawa ba sa buɗewa ranar Lahadi, haka ma kwanakin sabuwar shekara, da hutun ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, da tsakiyar Agusta.

Nawa zan tanada?

Abincin dare a babban gida a Ginza yakan fara daga wajen yen (kuɗin Japan) 30,000 ga mutum ɗaya, sanannun kuma suna haura 50,000. Wasu suna ƙara kuɗin hidima a kai, ga harajin saye na kashi 10. Na rana ya fi sauƙi sosai a gidajen da ke yin sa, kuma kifin ɗaya ne, hannun ɗaya ne, lomomin ne suka ragu. Ga mai yada zango wannan dabara ce mai kyau.

Ba a ba da tukwici a Japan. In ka bar canji a kan kanta za su biyo ka da shi har titi. Abin da ya kamata ka ji tsoro shi ne kuɗin fasawa: gidan da ke da kujera takwas ya riga ya sayi kifinka da asuba, don haka in ba ka zo ba, ko ka fasa a ranar, yawanci za a cire kuɗin duka daga katinka. Jinkirin jirgi ba uzuri ba ne a wurinsu. Shi ya sa na ce a bar tazara mai faɗi tsakanin sauka da zama. Ka tafi da katin dala da ka tabbatar yana aiki a waje, da kuma tsabar yen. Na'urorin cirar kuɗi na kantunan 7-Eleven suna karɓar katunan ƙasashen waje dare da rana.

Wane ladabi ake so in kiyaye?

Na farko zai yi wa Bahaushe wuya: kada ka sa turare. Mu mutane ne da ba ma fita taro sai an feshe jiki an turara kaya, kuma a wurinmu girmama mutane ne. A ɗakin da bai fi shago ba, inda mutum takwas suka biya kuɗi mai yawa don su ji ƙamshin shinkafa da na kifi, oud ɗinka zai rufe komai. Akwai gidajen da ke rubuta wannan sharaɗi ƙarara, suna kuma iya mayar da mutum daga bakin ƙofa. Ka ware kaya ɗaya da ba a turara ba, ka sa a leda daban tun daga gida, domin turaren wuta yana bin duk abin da ke cikin akwati.

Na biyu kuwa zai yi maka daɗi: da hannu ake ci, kuma ba wanda zai kalle ka. Za a ba ka ɗan tawul mai ɗumi ka goge hannu, da wani ƙaramin ƙyalle mai laima na goge yatsu tsakanin loma da loma. Ka ɗauka da yatsu uku, ka kai baki gaba ɗaya, kada ka gutsura. Ka ci da zarar an ajiye, domin shinkafar tana hucewa, kifin yana bushewa, mai gidan kuma yana kallo. Ba sai ka tsoma a komai ba, an riga an ɗanɗana maka. Yankakkiyar citta mai tsami da ke gefe, wadda suke kira "gari" da yarensu, ta wanke baki ce tsakanin kifi da kifi, ba a ɗora ta a kan sushi.

Ka iso minti biyar kafin lokaci, domin sau da yawa tare ake fara wa kowa. Kada ka ɗora waya ko agogo ko makulli a kan itacen kantar, yana da laushi, kuma da hannu ake goge shi kullum. Ka nemi izini kafin ɗaukar hoto. In ka fara ƙoshi ka ce "shari chiisame", za a rage maka shinkafar. In yajin wasabi yana hawa maka hanci ka ce "sabi nuki". Wasabi na gaske, wanda ake gogawa a kan fatar kifin shak a gabanka, zafinsa na daƙiƙa kaɗan ne ya wuce, ba ya zama a harshe kamar attaruhu. In an gama ka ce "gochisosama deshita", godiya ce ga wanda ya ciyar da kai.

Ina zan yi salla, kuma ina ne alƙibla?

Narita da Haneda duk suna da ɗakunan salla da wurin alwala. A cikin gari babban masallaci shi ne Tokyo Camii da ke kusa da tashar Yoyogi-Uehara, ginin salon Turkiyya; na farkon an gina shi a 1938, wanda yake tsaye yanzu kuma an buɗe shi a 2000. In zangonka ya faɗo ranar Juma'a, ya cancanci zuwa.

Mu da muka saba cewa "fuskantar gabas", a Tokyo Makka tana yamma ne, da ɗan karkata zuwa arewa. Lokutan ma suna motsi fiye da na gida: a Disamba rana tana faɗuwa wajen huɗu da rabi, a Yuni kuwa alfijir yana ketowa tun kafin uku na dare. Ka duba jadawalin ranar kafin ka zaɓi lokacin zama.

Zan iya shigowa da kilishi ko dambun nama na guzuri?

A'a. Japan ta hana shigo da nama da duk abin da aka yi da shi ba tare da takardar binciken hukuma ba, busasshe ne ko dafaffe, ko da tsaraba ce 'yar kaɗan. Akwai karnuka masu shinshina kaya a wurin ɗaukar akwatuna, kuma hukuncin yana iya kai wa tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara uku. Ɗanyun 'ya'yan itatuwa ma ana tsananta musu. Magungunan tari da na mura masu kodin su ma akwai ƙa'ida a kansu, ka bincika kafin ka zuba a jaka.

Da safe kafin jirgi, me zan iya gani?

Tunda barci ba zai zo da wuri ba, kuma zai sake ka da wuri, ka bi kifin da ka ci jiya zuwa inda ya fito. Babbar kasuwar kifi ta bar Tsukiji, inda take tun 1935, ta koma Toyosu a watan Oktoban 2018. Ana gwanjon tuna wajen biyar da rabi na asuba. Kallo daga kusa sai wanda ya ci ƙuri'ar da ake nema ta intanet tun wata guda kafin nan, amma akwai baranda mai gilashi a sama da kowa zai iya tsayawa. A nan ne a gwanjon farko na 2019 wani mai gidajen sushi, Kiyoshi Kimura, ya sayi tuna ɗaya mai kilo 278 a kan yen miliyan 333.6. Kasuwar ba ta ci ranar Lahadi da wasu Larabobin.

In Toyosu ta yi maka nisa, tsohuwar kasuwar waje ta Tsukiji tana nan da ranta, tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa daga Ginza: lunguna cike da masu sayar da wuƙaƙe, busasshen kifi, ganyen shayi da ganyen teku. Koren shayi tsaraba ce mai sauƙin ɗauka. Daga nan lambun Hamarikyu yana kusa, ana buɗe shi ƙarfe tara.

Ka koma otal ka ɗauki kaya da sauran lokaci a hannu. Ga Haneda, ka bar Ginza awa uku da rabi kafin tashin jirgi. Ga Narita ka ba shi huɗu da rabi, ka kuma sayi tikitin Narita Express tun daren jiya, domin kowace kujera a cikinsa da lambarta.